Kuɗin karatun jami'a: Kafin a jinginar da gona, a zauna a yi lissafi

A wannan makon ba da maganar asibiti zan fara ba, ko da yake za ku ga ta ɓullo da kanta a gaba. Maganar kuɗin karatun 'ya'yanmu na jami'a ce, kuma wata ziyara da na kai gida Azare ce ta jawo ta.

Na sauka gidan yayana, wanda ya yi ritaya daga aikin koyarwa. Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida sai ya ce yana so ya shaida mini wata magana, tunda ni ma ina da haƙƙi a ciki: zai jinginar da gonar da muka gada ta wajen Chinade. Ɗansa na biyu zai shiga aji biyu a jami'a, an kusa rufe rajista, fansho kuma bai ishi cefane ba balle kuɗin makaranta. Na ce, "Yaya, yaron ya nemi bashin ɗalibai na gwamnati kuwa?" Sai ya girgiza kai ya ce shi bai san wannan ba, kuma ko ya sani ba ya son a ɗora wa yaro bashi mai ruwa tun bai fara neman na kansa ba.

Da safe na kira yaron gefe. Tun isowata na lura ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, na gwada tun bara. Shafin ya ƙi karɓa ta, wai bayanaina ba su dace da juna ba, sai na haƙura." Bai faɗa wa kowa ba. Da na ƙara matsa shi, sai ga ta: kusan duk zangon da ya wuce sau ɗaya yake cin abinci a rana, idan cikinsa ya murɗa kuma ya sayi maganin kashe zafi a kemis ya haɗiya. Uba na shirin rabuwa da gona, ɗa na kwana da yunwa, gida ɗaya suke amma kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya tayar masa da hankali.

Na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Ƙasar Katagum yanzu ba ta rasa manyan makarantu ba. Ga jami'ar jiha a Gadau, wadda aka kafa a 2011, yanzu ake kiranta Jami'ar Sa'adu Zungur. Ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a cikin Azare, wadda gwamnatin Buhari ta amince da kafa ta a 2021. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Wasu yaran kuma suna Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wasu a Dutse, wasu a Bayero ta Kano. Makaranta ta matso kusa da gida, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Yanzu samun gurbin karatu murnar kwana biyu ce, a rana ta uku sai a fara tunanin abin da za a sayar.

Bari mu fara da wannan bashin da yayana yake tsoro, domin shi ne ƙofa mafi faɗi a halin yanzu. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokar bai wa ɗalibai bashin karatu a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai an kawo masu tsaya wa ɗalibi, kuma sai abin da iyalinsa ke samu a shekara bai kai Naira 500,000 ba. Aka soke ta, aka yi sabuwa wadda ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗan biyu. Asusun da ke kula da shirin shi ne NELFUND, kuma ya buɗe shafinsa na intanet a ranar 24 ga Mayun 2024. Har yau ina haɗuwa da iyayen da labarin tsohuwar dokar ne kawai ya iso gare su, suna cewa ina za su samo babban ma'aikacin da zai tsaya wa ɗansu. Ba a bukatar kowa.

Babu kuɗin ruwa a cikinsa. Abin da aka ba yaro shi zai mayar, ba ƙari. Wannan shi ne abu na farko da na fahimtar da yayana, domin damuwarsa ta riba ce, kuma damuwa ce mai tushe. Kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai tsaye, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya, Naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun bankin ɗalibin. Yaro yana iya neman na makaranta kaɗai ya bar na ɗawainiyar. Shirin na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, jami'a ko kwalejin ilimi ko ta fasaha. Masu karatu a jami'o'in kuɗi ba sa ciki. Kuma duk shekarar karatu sai an sake nema, ba sau ɗaya ake yi a gama ba.

Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Idan yaro ya samu aiki, za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa har ya gama. Wanda bai samu aiki ba, doka ta ba shi damar kawo takardar rantsuwa ta kotu cewa ba shi da abin shiga, a ɗaga masa ƙafa. Wanda Allah Ya yi wa rasuwa, dokar ta tanadi a yafe.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya rufe ido ya karɓa ba. Bashi bashi ne, ko da babu ruwa, kuma yawancin yaran da na zanta da su kallon kyauta suke yi masa. Ku ɗauki biro mu yi lissafi. A ƙaddara kuɗin makarantar yaro Naira 100,000 ne a shekara, ya kuma karɓi na ɗawainiya na wata 10 a kowace shekara, wato Naira 200,000. A shekara huɗu ya ci bashin Naira miliyan 1 da dubu 200. Idan ya fito ya samu aikin mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000, za a riƙa cire masa 7,000 a wata, zai shafe shekara 14 da 'yan watanni yana biya. Idan albashinsa ya kai 150,000, zai gama a ƙasa da shekara bakwai. Da kuɗin makaranta kaɗai ya karɓa, bashin 400,000 ne, kashi ɗaya cikin uku na wancan. To amma akwai wani abu da ke gefen yaron: darajar Naira tana sauka, bashin kuma ba ya hawa. Dubu bakwai ta shekara goma masu zuwa ba za ta yi nauyin ta yau ba. Gona kuwa, idan ta fita hannu, darajarta hawa take yi, kuma kun san yadda jingina take ƙarewa a garuruwanmu: ranar fansa ta zo babu kuɗi, a ce a cika maka ka bar ta. A ganina, tsakanin jinginar da gona ko sayar da shanun huɗa da karɓar wannan bashin, bashin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma gidan da zai iya ciyar da ɗansa, gara ya karɓi na makaranta kaɗai ya bar na ɗawainiyar.

Akwai wata magana da ban ji ana yi ba, ta 'ya'ya mata. Da yawa daga cikin 'yan matanmu suna aure kafin su gama ko da zarar sun gama. Bashin yana kan sunanta, da lambar NIN ɗinta da ta BVN, zai bi ta har ɗakin mijinta. Ba dalilin hana ta nema ba ne, ko kusa. Sai dai ya kamata uwa da uba su san nawa ta karɓa, a rubuta a ajiye, kuma idan maganar aure ta taso a shaida wa manemin. Kada sai an haifi 'ya'ya biyu a ji saƙo ya shigo waya, a fara "ba ki taɓa faɗa mini ba."

Yanzu ga abin da ya tare ɗan yayana. Ana neman lambar JAMB, da ta NIN, da ta BVN, da takardar samun gurbin karatu, da lambar rajistar ɗalibi, kuma sai makarantar ta riga ta tura sunayen ɗalibanta zuwa asusun. Kwamfuta ce ke gwada bayanan, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Mu nan arewa mun daɗe muna wasa da rubutun suna. A takarda ɗaya Muhammad, a wata Mohammed, a ta uku Muh'd. Wani a firamare an sa masa sunan garinsu a ƙarshe, a banki kuma ya sa sunan kakansa. Ranar haihuwa kuwa, rabin unguwa 1 ga Janairu aka haife su. Na ɗan yayana, yaron shagon intanet ɗin da ya cika masa fom tun yana sakandare ne ya juya masa wata da rana, ya kuma buɗe masa imel da lambar wayar shagon, har yaron bai san kalmar sirrinsa ba. Gyaran ya ci mu zirga-zirga da ɗan kuɗi, amma bai kai kuɗin buhun gero ɗaya ba. Shekara guda cur ya yi asara a kan abin da ya gyaru cikin 'yan makonni.

Don haka iyaye, duk mai yaro a ajin ƙarshe na sakandare, ya tara takardunsa a tabarma ɗaya tun yanzu: ta haihuwa, ta NIN, ta banki, ta jarrabawa. A duba harafi bayan harafi. Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na yaron ne, yana hannunsa. Kuma a sani nema kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa sunan yaro a gaba, ko ya nemi lambar sirrin katin banki, ɗan damfara ne. Shagon intanet kuɗin aikinsa kawai za a ba shi, yaron kuma ya zauna a gefe yana kallon abin da ake rubutawa.

Wani abin lura: sau da yawa wa'adin rajista yana cika kafin kuɗin asusun su iso makaranta, sai iyaye su yi rance su biya. Idan daga baya asusun ya biya, makaranta ta karɓi kuɗi sau biyu ke nan, kuma haƙƙin ɗalibi ne a mayar masa da nasa. A 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan a faɗin ƙasa, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Yaro ya adana rasit, ya riƙa duba shafinsa, idan ya ga an biya ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai da na kuɗi ya bi sawu. Idan bai bi ba, ya biya da aljihun babansa, ga kuma bashi a kansa.

Bayan bashi akwai tallafin da ba a mayarwa, wanda yara ke kira sikolashif. Jihar Bauchi tana da Hukumar Bayar da Tallafin Karatu, kuma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ce mabuɗi, ko Katagum ce, ko Shira, ko Gamawa, ko Zaki, ko Giade, ko Itas/Gadau. A karɓe ta tun kafin a bukace ta. Kuɗin ba masu yawa ba ne, ba kuma abin da za a jingina rajista da shi ba ne, amma haƙƙin yaro ne, kuma ƙungiyar ɗaliban jihar, NUBASS, takan san lokacin da aka buɗe. Ita ma Gwamnatin Tarayya tana da hukumar tallafin karatu a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Wannan ta masu ƙoƙari ce: ɗalibi ya kai aji biyu, matsakaicin makinsa ya kai 4.0 cikin 5, sannan ya zauna jarrabawa a kwamfuta. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da ƙara kuɗin zuwa Naira 450,000 a shekara ga masu digirin farko. Asusun PTDF yana tallafa wa masu karatun injiniya da fannonin da suka shafi man fetur. Gidauniyar MTN tana ba masu kimiyya da fasaha, tana kuma da kaso na musamman ga ɗalibai makafi. Kamfanonin mai da gas su ma suna bayarwa, wasunsu da fifiko ga masu karatun likita, abin da ya kamata ɗalibanmu na fannin lafiya a Azare su sa wa ido.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne makin shekarar farko. Yaro ya shiga jami'a yana ɗokin 'yanci, ya yi sakaci da aji ɗaya, bai san ya rufe wa kansa ƙofofi huɗu ko biyar ba. Wani kuma ba sakaci ba ne, yunwa ce. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda yaranmu masu maki mai kyau suke ƙin nema, wai "ai sai mai hanya." Wanda bai cika fom ba, ba shi da bakin cewa an hana shi.

'Yan siyasa da masu hali sukan biya wa ɗalibai rajista, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Idan ta samu a karɓa a yi godiya. Amma karatu shekara huɗu ne, na likita shida, kada a gina shi a kan alherin da ba a san ko zai dawo baɗi ba.

Na ce maganar lafiya za ta ɓullo. Ku raba Naira 20,000 gida 30, za ku samu Naira 666 a rana. Daga ciki za a ci abinci, a hau mota ko babur, a yi fotokofi, a sayi data da sabulu, 'ya mace kuma ta sayi audugar al'ada. Kada uba ya ji an ce gwamnati na ba yara kuɗin wata ya ɗauke hannunsa. Ɗaliban da ke wuni da yunwa su ne ke yawan zuwa da ciwon kai, da jiri, da rashin barci, da kasa riƙe karatu. Mutane suna cewa yunwa ce ke kawo gyambon ciki. A gaskiya manyan masu haddasa shi su ne wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin tumbi, da kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, musamman a kan cikin da babu komai. Wato abin da ɗan yayana yake yi don ya samu sauƙi shi ne yake ƙara masa ciwon. Duk yaron da ke fama da zafin ciki mai dawowa, ya je a duba shi. Idan ya ga bahayarsa ta yi baƙi ƙirin ko ya yi aman jini, wannan na gaggawa ne. Kuma a yawancin manyan makarantun gwamnati akwai kuɗin inshorar lafiyar ɗalibai a cikin kuɗin rajista, shirin da ake kira TISHIP. An riga an biya. Yaro ya je asibitin makaranta ya buɗe kati tun yana da lafiya, maimakon ya riƙa kai ɗan abin da ke hannunsa kemis.

Ga 'ya mace kuwa, rashin abin kashewa ya wuce maganar rama. Ba sai na fayyace ba, duk uwa ta san irin mutanen da ke jiran yarinyar da ta rasa kuɗin mota a ƙofar makaranta. Uwa ta riƙa tambaya dalla-dalla: me kika ci yau, nawa ya rage, wa ya ba ki wannan? Tambayar "lafiya dai ko?" amsarta kullum "lafiya lau" ce.

A nan ne nake ganin mu mutanen Katagum muna da abin da 'yan birni ba su da shi, wato hatsi. Gidan da ba zai iya tura dubu talatin a wata ba yana iya tura kwanon gero da na wake, da garin masara, da ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa, da busasshiyar kuɓewa da kuka. Ɗalibin da ke Gadau ko Azare, mota ɗaya ce tsakaninsa da gida. Lokacin kaka, masu fitar da zakkar hatsi su tuna cewa ɗalibi ɗan talaka mabuƙaci ne, ko da yana sanye da riga mai guga. A tambayi malamai yadda za a yi. Dangi kuma, yadda muke haɗa gudunmawar biki ba tare da kowa ya ji kunya ba, haka za mu iya yin adashen rajista: baffa, kawu, gwaggo, inna, kowa ya ajiye abin da zai iya duk wata, a damƙa wa mutum ɗaya mai amana, a rubuta a littafi. Mun yi wa akwatunan lefe wannan tsarin shekara da shekaru.

Shi ma yaron yana da nasa kason. Koyar da yaran unguwa darasi da yamma, gyaran waya, ɗinki, aski, kitso, aikin gona lokacin hutun damina. Sai dai mai karatun likita ko jinya ba shi da wannan sararin, kada a matsa masa.

Daren da zan baro Azare, na sa yayana da matarsa da yaron suka zauna wuri ɗaya, muka ɗauko tsohon littafin lissafi muka rubuta komai: rajista, ɗaki, abinci, mota, fotokofi. Karo na farko ke nan da uban ya ji nawa ɗansa ke kashewa a mako, kuma karo na farko da yaron ya ji nawa ne fanshon babansa. Yayana ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce wa matarsa ta auna wa yaron wake da gero daga na gida. Rajistar bana mu uku muka haɗa, ni da shi da ƙaninmu, domin wa'adi ba zai jira gyaran takardu ba. Yaron ya sake nema, na makaranta kaɗai, an kuma karɓi bayanansa a wannan karon. Yana jiran amincewa, rasit ɗinsa na cikin jakar babarsa. Gonar tana nan, an shuka mata riɗi.

Masu tambaya a kan ciwon ciki da na ambata, in Allah Ya kai mu mako mai zuwa a kansa za mu tsaya.